Ofishin Bayan Kicin

Ofishina yana bayan kicin,
inda ƙamshin albasa ke shigowa ba sallama, ya zauna kan fayil.
Baƙo bai san sunana ba.
Ya san farin zanen gado, ya san shayi da zafinsa,
bai san mutum arba'in da ɗaya ke numfashi ƙarƙashin birona ba.

Ranar ɗaukar ma'aikata ba takarda nake fara karantawa ba,
taga nake leƙawa,
in ga yadda yaro zai gaida Baba Nomau mai gadi.
Wani ya zo da digiri, da kwat, a tsakiyar zafin Afrilu,
ya wuce tsohon kamar ya wuce turke.
Na ba shi ruwan sanyi, na yi masa fatan alheri.
Jelani na ɗauka, mai takalmin roba daga Arkilla,
da ya karɓe wa tsohuwa jaka tun bai san ko wace ce ba.
Riƙon tire mako guda ne a koya,
mutunci kuwa tun a goye ake shan sa.

Jadawalin aiki ya fi rabon gado wuya.
Kowa na son safiyar Salla a gida.
Rifkatu 'yar Zuru ta ce ita za ta tsare teburin baƙi,
na rubuta mata Disamba da jan biro,
bashi ne, kuma ba na cin bashi.

Wata Laraba, ɗaki na sha bakwai,
ɗan kasuwa daga Illela ya ce agogonsa ya yi ƙafa.
"A kori mai shara, yanzu, ina kallo!"
Manaja ya dube ni.
Ige na tsaye, tsintsiya na rawa a hannunta,
shekara tara tana gyaran ɗakin nan, ko allura ba ta ɓace ba.
"Hajiya, wallah ban taɓa mai komi ba."
Na ce, Alhaji, a ba ni zuwa La'asar,
alhali ban san me zan yi da La'asar ɗin ba.
Na zazzage kwandon shara, na bi littafin makullai layi layi,
na gangara ɗakin wanki.
Can a aljihun babbar rigarsa, gaban Haliru mai guga,
agogo na ta bugawa abinsa.
Ya karɓa, ya ɗaura, bai ce a yi haƙuri ba.
Ni na faɗa a madadinsa,
a bayan kicin, hannunta cikin nawa.

Amma kar a ɗauka kullum inuwa ce ni.
Bande da hannuna na sallame shi,
ɗan unguwarmu, Runjin Sambo, tare muka yi allo da yayarsa.
Gargaɗi biyu a rubuce, sannan jarka uku ta man janareto
ta tsallake katanga da dare.
Uwarsa ta zo gidanmu da goro, ban karɓa ba.
Har yau in mun haɗu wurin suna sai ta dubi bango.
Haƙƙinsa dai na ƙirga masa har na kwana shidan ƙarshe,
ko sisi bai yi ciwon kai ba.

Ƙarshen wata mai otal ya ce mai ya yi tsada,
albashi ya jira sati biyu.
Na ce, ranka ya daɗe, cikin da ke kuka
ba ya aika murmushi zuwa fuska.
Ya yi tsaki. Ya sa hannu.

Yanzu an yi Isha, masu dare sun karɓi makullai,
mai keke na jirana a bakin ƙofa, yana ta danna oda.
Na ja aljihun tebur in ajiye hatimi,
sai ga takardar neman hutu, ta yi ja don daɗewa,
shekara uku ba wanda ya sa mata hannu.
Na duba sunan.
Nawa ne.